Wai da gaske rusa gari suke yi?

Tambaya: Malam don Allah finafinan nan na bayan duniya ta lalace, ga kangaye ga dodanni ga matsafa, wai rusa gari ake yi kafin a ɗauka?

Amsa: Ina, wa zai ba su gari! Fuskar gini kawai ake kafawa da katako da soso, bayan 'yan wasa kuma koren ƙyalle ne, daga baya a cire shi a kwamfuta a ɗora kangayen da dodannin, shi ya sa aikin kwamfutar kan fi ɗaukar fim ɗin cin lokaci. Yashin kam na gaske ne, hamadar Namibiya da Wadi Rum na Jodan sun sha kyamara. Tsummokaran nan da 'yan wasa ke sawa ma sababbin kaya ne aka gurje da samfefa aka tsoma a ruwan shayi.