Tafiyar keke ta kwana shida da motar rakiya: me ya rage a wuyan mahayi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ba da sunana a wata tafiyar keke ta ayari wadda za a kwana shida ana yi, kusan kilomita 90 a kowace rana, kuma masu shiryawa sun ce akwai ma'aikatan rakiya da mota. Ni a ƙarshen mako kawai nake hawa, ina yin kilomita 40 ba tare da wahala ba, kuma saura wata uku a tashi. Mene ne aikin waɗannan ma'aikata, kuma tunda mota tana biye da mu, lallai ne sai na yi atisaye mai yawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Lallai ne ka yi atisaye, domin motar rakiya kaya take ɗauke maka, ba ta ɗauke maka gajiyar jiya. Wanda yake yin kilomita 40 cikin sauƙi zai iya kai 90 a ranar farko da ƙarfin zumuɗi, amma a rana ta uku ko ta huɗu, lokacin da cinyoyi suka yi nauyi, wuya ya sage, mazaunai kuma suka ƙi jinin sirdi, a nan ne ake gane wanda ya shirya. Wata uku ya ishe ka idan ka fara yanzu. Ka riƙa hawa sau uku ko huɗu a mako, kana ƙara wa doguwar tafiyarka kamar kashi 10 cikin 100 duk mako. Abin da na fi jaddadawa shi ne hawa kwana biyu a jere, ta yadda kafin mako uku na ƙarshe za ka iya yin kilomita 70 ko 80 yau, gobe ka sake yin kusan haka. A makon ƙarshe ka rage sosai don jiki ya huta.

Ciwon mazaunai ya fi ciwon ƙafa saukar da mutane daga keke, kuma da yawa suna jin nauyin faɗarsa har sai ya zama gyambo. Ka nemi wandon keke mai soso a tsakiya, aƙalla guda biyu, kuma ana sa shi ne ba tare da wani ɗan kamfai a ciki ba, saboda ɗinkin kamfai shi ne yake gogar fata idan gumi ya jiƙa shi. Da zarar an sauka a zango ka cire shi, ka yi wanka, ka wanke shi ya bushe. Tsayin sirdi ya kasance idan feda ta sauka ƙasa gwiwarka tana ɗan lanƙwashe kaɗan, domin sirdin da ya yi ƙasa yana jawo ciwo a gaban gwiwa. Kada ka sauya sirdi ko takalmi ana gobe tafiya.

Aikin ma'aikatan rakiya ya bambanta daga shiri zuwa shiri, amma tsarin kusan ɗaya ne, tun daga RAGBRAI da ake ratsa jihar Iowa ta Amurka cikin mako guda tun 1973, har zuwa Tour d'Afrique da aka fara a 2003, wadda a shekarar aka tashi daga Masar aka ƙare a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu cikin wata huɗu. Ana kai jakunkuna zango na gaba, ana tsayar da wuraren shan ruwa da cin abinci a hanya, akwai makanike, akwai mai ba da agajin gaggawa, sannan akwai mota ko mahayi da ke bin bayan mutum na ƙarshe don kada a bar kowa.

Sai dai ka tuna cewa kafin azahar ayari yakan warwatsu, tsakanin na gaba da na baya a sami kilomitoci masu yawa, kuma mota ɗaya ba za ta kasance kusa da kowa ba. Saboda haka ka ɗauki tiyub na sauyi, famfon hannu, kayan faci, gorar ruwa biyu da lambar wayar direba, kuma ka koyi sauya tiyub da hannunka tun kana gida. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da ke riƙe na'urar canja giya ta baya, wanda yake saurin lanƙwashewa idan keke ya faɗi; siffarsa ta bambanta daga keke zuwa keke, don haka ka sayi irin naka ka sa a jaka.

Game da ci da sha, kada ka jira wurin tsayawa. Ka riƙa shan rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa gwargwadon zafi, tare da ɗan gishiri don mayar da wanda ya fita da gumi, kana kuma cin abu mai sitaci ko sukari, giram 30 zuwa 60 a awa. Idan ka ji jiri, tashin zuciya, ko tunaninka ya fara rikicewa a cikin zafi, ka tsaya a inuwa ka kira mota nan take. Shiga mota na rabin yini ba abin kunya ba ne, kuma sau da yawa shi ne yake ba mutum damar ƙarasa sauran kwanakin.

Bin bayan wani mahayi yana rage ƙarfin da kake kashewa wajen kutsa iska da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayarsa ta baya, domin idan suka gogu kai ne za ka faɗi. Kafin tashi ka tambayi masu shiryawa mota nawa ce, mutum nawa take ɗauka da kekunansu, nisan da ke tsakanin wuraren ruwa, da kuma ƙarfe nawa ake kwashe wanda bai iso zango ba.