Tambayoyin Masu Karatu: Wa Yake Ɗaukar Nauyin Jiragen 'Yan Mishan?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, dukansu a kan ƙananan jiragen saman da ƙungiyoyin mishan na Kirista suke kai wa wuraren da mota ba ta isa, da kuma halin da ma'aikatansu suke ciki.

Tambaya: Malam, gaisuwa da fatan alheri. Ni ce ma'ajiyar Zumuntar Mata a wata ikilisiya da ke Tudun Wada a Jos. Kwanakin baya wani ɗan ikilisiyarmu da ya koyi gyaran jirgin sama ya zo gabanmu tare da matarsa, ya ce wata ƙungiyar mishan mai jirage ta karɓe shi aiki a ƙasar Chadi, amma ba za a tura su ba sai sun sami waɗanda za su yi alkawarin tallafa musu kowane wata. Maganar ta raba kan mata. Wasu suna cewa ƙungiyar da ta mallaki jirgin sama ba ta da hujjar miƙa hannu ga masu sayar da tumatir a kasuwar Farin Gada, wasu kuma suna tsoron kada ta zama damfara. Kafin mu taɓa asusunmu muna so mu san gaskiyar lamarin.

Amsa: Mama, na gode da wasiƙarki. Abin da ɗanku ya faɗa muku ba sabon abu ba ne, domin da haka yawancin waɗannan ƙungiyoyi suke tafiya tun asali. Tsarin ya samo tushe daga ƙungiyar da Hudson Taylor ya kafa a 1865 don aiki a ƙasar Sin, wadda ba ta yi wa ma'aikatanta alkawarin albashi ba, kuma a kan wannan tafarki ne ƙungiyar SIM, uwar ikilisiyar ECWA, ta fara aikinta lokacin da Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent suka sauka Legas a 1893. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, wasu matuƙan jirage Kiristoci suka kafa ƙungiyar jiragen mishan mai suna MAF a 1945, kuma mace ce, Betty Greene, ta tuƙa jirginta na farko zuwa Meziko a 1946. Wannan baiwar Allah ta yi aiki a Nijeriya a farkon shekarun 1950, zamanin da jiragen SIM suke tashi daga Jos zuwa tashoshin mishan na arewa. Dattawan garinku za su iya tuna wannan, tun kafin a koma filin jirgi na Heipang.

Abin da ya kamata mata su fahimta shi ne asusu biyu ne a cikin wannan aiki, kuma ba a cika haɗa su ba. Na farko na jirgi ne, na biyu na iyalin ma'aikaci.

Asusun jirgi rami ne mai zurfi. Sabon jirgi ƙirar Cessna Caravan, wanda shi ne dokin aikin irin waɗannan ƙungiyoyi, ya haura dala miliyan 2, kuma sau da yawa masu ba da gudummawa ne suke tara kuɗin da sunan sayen jirgin kaɗai, ta yadda doka ba ta yarda a karkatar da shi zuwa biyan albashi ba. Bayan an saya kuma ɗawainiya take farawa, kamar wanda aka ba kyautar doki, ko ya hau ko bai hau ba sai ya nemi dawa da harawa. Ana duba jirgi ne bisa yawan sa'o'in da ya yi a sama, ba sai ya lalace ba, kuma injin Caravan yakan buƙaci a kwance shi gaba ɗaya a sabunta bayan sa'o'i kusan 3,600, ko da kuwa yana aiki lafiya lau. Kayan gyara daga ƙasashen waje ake odarsu da dala, kowanne da takardar shaidarsa, ba a zuwa kasuwa a ɗauko na hannu. Ga inshora, ga kuɗin sauka a filayen jirgi na gwamnati, ga mai. Maganar mai ma ta isa labari, domin ƙananan jirage irin su Cessna 206 suna shan wani fetur na musamman wanda samunsa ke da wuya a Afirka kuma tsadarsa ta wuce misali, abin da ya tilasta wa ƙungiyoyin komawa ga jirage masu shan man da manyan jirage ke sha, dangin kananzir. Jirgin Kodiak, wanda aka ƙera a jihar Idaho ta Amurka aka kuma amince da shi a 2007, da wannan buƙata a zuciya aka tsara shi. Fasinjoji suna biyan kuɗi, gaskiya ne, amma maras lafiya daga ƙauye ko likitan asibitin mishan ba ya biyan abin da tafiyar ta ci, gudummawa ce take cike giɓin.

Asusu na biyu shi ne wanda aka kawo gabanku. Ƙungiya takan yi lissafin abin da iyali za su buƙata a wata, wato hayar gida da abinci da kuɗin makarantar yara da inshorar lafiya da takardun zama a ƙasar da tikitin dawowa gida, wani lokaci da ɗan ajiya saboda tsufa, sa'an nan ta ce wa ma'aikacin ya nemo masu alkawarin cike wannan adadi. Yawanci ba a barinsa ya tashi sai ya cika ko ya kusa cikawa, kuma akwai waɗanda neman yakan ɗauke su shekara ko fiye, suna bin ikilisiyoyi Lahadi bayan Lahadi. Wannan wahala ce da ba a cika faɗa a bagadi ba. Mutum ya ƙware a sana'ar da kamfanonin jirage za su biya shi da kyau, amma ya tsaya gaban jama'a yana roƙo, wasu suna kallonsa a matsayin wanda ya rasa aikin yi. Bayan an tafi kuma alkawura sukan zube ɗaya bayan ɗaya, domin mai bayarwa ya rasu, ko ya yi ritaya, ko an sauya fasto, ko ikilisiya ta shiga ginin sabuwar majami'a ta manta da na nesa. Shi ya sa bayan 'yan shekaru ake dawo da su gida, da sunan hutu, alhali rabin lokacin a yawon ba da rahoto da neman sababbin masu tallafi yake ƙarewa.

Ga ɗan Nijeriya akwai ƙarin nauyi. Alkawarinku da naira za ku cika shi, shi kuwa a Chadi da sefa zai yi cefane, kuma sefa tana ɗaure da kuɗin yuro. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a 2024 ta haura 1,500. Ke nan duk wanda ya tafi da alkawarin naira kafin wannan lokaci ya wayi gari abin da ke isa hannunsa bai kai rabin na da ba, ba tare da ko mutum ɗaya ya janye ba.

A ganina makaniki shi ne wanda aka fi zalunta a wannan tsari. Masu bayarwa suna son hoton matuƙi yana sauke maras lafiya, ba su cika damuwa da wanda ya wuni cikin zafin Injamena yana ɗaure kusoshi ba, alhali jirgi ba ya tashi sai ya sa hannu a takarda cewa lafiyarsa ƙalau. Matansu ma suna ɗauke da nasu kayan, domin sau da yawa takardar zamansu ba ta ba su damar yin aikin albashi, sai koyar da yara a gida da jinyar zazzaɓin cizon sauro da jiran labarin jirgi ya sauka. Haɗarin kuma na gaske ne: a watan Mayu na 2020 matuƙiyar MAF Joyce Lin ta rasu lokacin da jirginta ya faɗa tafkin Sentani a Indonesiya, tana ɗauke da kayan gwajin cutar korona zuwa wani ƙauye.

Duk da haka tsoron damfara ba laifi ba ne, kuma mai gaskiya ba zai ji haushin bincike ba. Ku nemi takardar da ƙungiyar ta ba shi, ku sa fastonku ko shugabannin gunduma su tuntuɓi ofishinta kai tsaye, ba ta lambar da shi ya kawo ba. Ku nemi ganin lissafin kuɗin wata dalla-dalla, ku tambayi kashi nawa ofis yake cirewa don gudanarwa, kuma ku zuba kuɗinku a asusun ƙungiyar da sunansa maimakon asusunsa na kansa, inda hakan zai yiwu. Idan kun gamsu, ku yi alkawarin abin da za ku iya cikawa shekara uku a jere ko da kaɗan ne, domin ya fi masa amfani a kan babban baiko na rana ɗaya. Roƙona guda shi ne kada a ɗebo wannan kuɗi daga kason masu bishara na gida, waɗanda ke ƙauyukan Bauchi da Kebbi da Neja a kan babur, domin su galibinsu ba su da masu tallafi a ƙasashen waje.

Tambaya: Malam, ni Musulmi ne, ma'aikacin lafiya a Kubwa, Abuja. Shin waɗannan jirage Kiristoci kaɗai suke ɗauka? Kuma a wannan zamani da ake raɗe-raɗin jirage suna sauka cikin daji, wa yake sa musu ido?

Amsa: Malam, waɗannan ƙungiyoyi ba sa ɓoye cewa imaninsu ne ya kai su, kuma suna ɗaukar fastoci da masu fassara Littafi Mai Tsarki. Ƙungiyar JAARS ta Amurka, wadda ita ma take da jirage, domin hidimar masu fassara aka kafa ta a 1948. Amma maras lafiya ba a tambayarsa addininsa kafin a sa shi a jirgi, kuma cikin fasinjojinsu akwai likitoci da ma'aikatan agaji da kayan rigakafi. Misali mafi kusa da mu shi ne asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar, wanda SIM ta buɗe a 1950 a kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa. Mafi yawan masu jinya a can Hausawa ne Musulmi, har da masu ƙetarowa daga Nijeriya, kuma jiragen SIM da ke Yamai suna kawo likitocin fiɗa cikin kimanin sa'a biyu a tafiyar da mota ke cinye mafi yawan wuni. Ra'ayina a fili yake: duk inda aka ɗora wa mabuƙaci sharaɗin sauya addini kafin a yi masa magani, an ci amanar aikin, kuma ya cancanci a kai ƙara.

Game da sa ido, babu jirgin da yake da 'yancin tashi don kawai na mishan ne. A Nijeriya hukumar NCAA ce take rajistar jirage da ba matuƙa lasisi, hukumar NAMA tana kula da zirga-zirga a sararin sama, kuma filin sauka ko na ƙasa ne a ƙauye sai da izinin gwamnati. Haka abin yake a Chadi da Nijar da hukumominsu. Hasali ma rashin tsaro yana cutar da ƙungiyoyin mishan ɗin fiye da yadda ake zato. Lokacin da gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a Zamfara a watan Maris na 2021, ko lokacin da sojojin Nijar suka rufe sararin samansu a watan Agusta na 2023, dokar ba ta ware kowa saboda kyakkyawar niyyarsa ba. Jirgin da aka ajiye kuwa ba ya kawo kuɗin fasinja, amma inshora da haya da duba lafiyarsa ba sa tsayawa.

Tambaya: Baba, na gama sakandare a Unguwar Rukuba, Jos, kuma burina in zama matuƙin jirgin mishan. Mahaifina ya ce zai sayar da filinsa ya biya mini. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗana, ka ce wa mahaifinka ya dakata tukuna. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, za ta iya kai ka ga lasisin matuƙin haya, amma za ka fito da sa'o'in tuƙi wajen 200, alhali manyan ƙungiyoyin mishan suna neman 400 zuwa 500, tare da shaidar iya tuƙi da na'ura cikin gajimare. Wannan tazara da kanka za ka cike ta, yawanci ta hanyar koyar da wasu ko aiki da wani kamfani. Bayan haka akwai jarrabawarsu ta sauka a gajeren fili mai gangare, da karatun Littafi Mai Tsarki, da Faransanci idan Chadi ko Nijar za ka, sa'an nan ka shiga neman masu tallafi kamar yadda na bayyana wa Mama a sama. Ba sa son tura wanda bashi ya yi masa katutu, saboda abin da za a riƙa ba ka ba zai biya shi ba. Ka yi tunani sosai a kan sashen gyaran jirgi na kwalejin, domin kuɗinsa bai kai na tuƙi ba, buƙatar makanikai tana da yawa, kuma wasu ƙungiyoyin Amurka suna son matuƙin da yake da lasisin gyara. Kafin a kira dillalin fili, ka je wurin likitan da NCAA ta amince da shi a yi maka gwajin lafiya na matuƙa, na ido da kunne da zuciya, domin wanda ya faɗi wannan gwaji ba a ba shi lasisi ko nawa ya biya.