Tambaya da Amsa: Shin In Sayi Firosesar Intel da Aka Yi wa Rangwame?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata tace bidiyo ce, kuma ina so in haɗa kwamfutar tebur da kaina. Wani mai shago ya yi mini tayin firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i7-14700K a farashi mai rahusa sosai, haɗe da madabod (babban allon da ake dasa kayan kwamfuta a kai) Z790 da RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) DDR5 sanda huɗu masu gudun 6400. Sai dai na ji ana cewa irin wannan firosesar tana lalacewa saboda yawan wutar da madabod ke tura mata. Shin in saya? Kuma ta yaya zan tabbatar RAM ɗin ba za ta riƙa katse mini aiki ba?
Daga mai karatu a Kano

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka ji gaskiya ne, kuma kamfanin Intel da kansa ya amsa shi. Firosesocin tebur na zubi na 13, waɗanda suka fito a Oktoban 2022, da na zubi na 14 da suka biyo baya a Oktoban 2023, waɗanda i7-14700K take cikinsu, sun riƙa ba mutane wahala: wasannin kwamfuta suna rufe kansu, manhajoji suna tsayawa, wani lokaci ma Windows ta tsaya cak ta nuna shuɗin allon kuskure ana tsakiyar aiki. A watan Yulin 2024 kamfanin ya bayyana cewa firosesar tana neman ƙarfin lantarki fiye da kima, daga baya kuma ya ƙara bayani cewa wannan wutar, idan ta haɗu da zafi, tana tsofar da wani sashe na cikin firosesar, har ta kai matsayin da ba ta iya aiki daidai da wutar da a da take isar ta. Masu ƙera madabod ma suna da nasu kason laifin, domin da yawansu sun fitar da allunansu a buɗe, ba tare da iyakar wutar da Intel ya tsara ba, don kayansu su fi na abokan gasa sauri a gwaji.

An fitar da gyara daki-daki ta hanyar BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod wadda ke tayar da kwamfuta. Maikurokod (umarnin da ke tafiyar da cikin firosesa) 0x129 na watan Agustan 2024 ya hana firosesar neman abin da ya haura bolt 1.55, sannan 0x12B na watan Satumba ya magance hauhawar wuta a lokacin da kwamfuta take zaune ba ta aiki mai nauyi. Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne, wannan gyaran rigakafi ne kawai. Firosesar da ta riga ta ci wuta ba ta warkewa, kuma ko ka juya ta a hannunka sau goma ba za ka ga tabo ko alamar ƙuna ba.

Saboda haka rangwamen ba shi ne abin tsoro ba, tun da Intel ya fitar da sabon zubi mai wani soket (mazaunin firosesa a madabod) daban a ƙarshen 2024, kuma dole tsohon kaya ya sauka. Tambayar da za ka yi wa mai shagon ita ce: sabuwa ce a kwalinta ba a ɓalle ba, ko ta hannu ce? Idan sabuwa ce, kuma zai ba ka rasit mai ɗauke da lambar firosesar, ina ganin ka saya, domin tana da cibiyoyin aiki 20 kuma ta dace da tace bidiyo. Intel ya ƙara shekara biyu a kan garantin waɗannan firosesoci, ta kwali ta tashi daga shekara uku zuwa biyar, kuma i7-14700K tana cikin jerin. Amma wadda aka sayar tsirara ba kwali, garantinta ta hannun mai sayarwa yake bi. Idan kuwa ta hannu ce da aka ciro daga wata kwamfuta, ba ka san wata nawa ta yi tana shan wuta a tsohon BIOS ba, kuma ni ba zan ba ka shawarar zuba kuɗin sana'arka a kanta ba, sai dai in an yarda a rubuce cewa za ka gwada ta na kwanaki ka mayar idan ta gaza.

Ranar da ka haɗa kwamfutar, aikin farko shi ne sabunta BIOS daga shafin kamfanin madabod ɗin, tun kafin ka ɗora mata wani aiki. Ka yi wannan a kan UPS ko inbata, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa madabod na iya ƙin tashi. Bayan haka ka shiga BIOS ka zaɓi saitin da aka rubuta Intel Default Settings, ka duba cewa iyakar wuta ba ta wuce wat 253 ba, wanda shi ne adadin da aka tsara wa wannan firosesar. Kada ka yi rowa wajen na'urar sanyaya. Firosesar tana rage gudu da kanta idan ta kai digiri 100, kuma a bazarar Kano, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, ƙaramar fanka ba za ta riƙe ta ba.

Batun RAM daban yake, ko da yake alamominsa suna kama da na firosesa mai ciwo, shi ya sa mutane ke ruɗewa. Gudun da Intel ya lamunce wa wannan firosesar shi ne DDR5-5600. Lambar 6400 da ke jikin kwalin ba ta samuwa sai an kunna XMP, wato an tura RAM ɗin sama da ƙa'ida, ana kuma ɗaga wutarta daga bolt 1.1 zuwa wajen 1.35 ko 1.4. Sau da yawa hakan yana tafiya lafiya da sanda biyu. Da sanda huɗu kuwa nauyi yana yi wa sashen da ke kula da RAM a cikin firosesar yawa, kuma da wuya su zauna a 6400. Ka roƙi mai shagon ya canza maka su da sanda biyu masu girma waɗanda aka sayar tare a kwali ɗaya, ka sa su a rami na biyu da na huɗu daga gefen firosesa, kamar yadda littafin yawancin madabod ya nuna.

Wajen gwaji, ka bi abu ɗaya bayan ɗaya. Ka fara da XMP a kashe, ka gudanar da manhajar gwajin nauyi ta OCCT ko Prime95 na wasu awanni, kana kallon zafi da wuta a manhajar HWiNFO. Idan kwamfutar ta faɗi a wannan yanayi, ko ka ga kurakuran WHEA, wato na kayan cikin kwamfuta, a rajistar abubuwan da suka faru ta Windows, zargi ya fi karkata ga firosesar, sai ka mayar da ita tun rasit bai tsufa ba. Idan ta tsallake, ka kunna XMP ka bar MemTest86, mai gwada RAM, ya kwana yana aiki. Kuskure ko guda ɗaya ne bai karɓu ba, domin shi ne zai ɓata maka fayil ɗin bikin da ka yi kwana biyu kana tacewa. In ya bayyana, ka sauke gudun zuwa 6000 ko 5600 ka sake gwadawa, maimakon ka ƙara wuta da hannunka, tun da bambancin da za ka gani a aikin bidiyo kaɗan ne ƙwarai.