Ki je bitar, amma da labarinki a hannu

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kina sakin labari a WhatsApp, masu karatu suna yabawa, to me taron bita na marubuta zai ƙara miki da har za ki kashe kuɗin mota? Zai ƙara, wallahi. Amma kada ki tafi hannu rabbana, ki buga labarinki a takarda ko da shafi uku ne.

Laccar safe kan jigo da salo da zubi da tsari, wannan kina iya samu a littafi. Abin da ba ya samuwa a gida shi ne wanda ya yi shekara da shekaru yana rubutu ya zaunar da ke, ya ɗauki jan biro yana bin aikinki layi-layi. A bitar da na halarta a Kano, wata dattijuwar marubuciya ta sa kowa ya miƙe ya karanta hirar taurarinsa da babbar murya. Nan take kunne ke kama inda kishiya da uwar miji da direban gida suke magana da baki ɗaya, wato bakin mai labarin. Ta ce mu shiga kasuwar Rimi mu saurari yadda tsohuwa ke ciniki da yadda budurwa ke yi. Har yau ba na sakin babi sai na karanta shi a bayyane.

Sai tattalin kalma. Gasar gajerun labarai ta Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 kalma 1,000 zuwa 1,500 take nema. Wadda ta saba cinye shafi biyar tana lissafa kayan ɗakin amarya za ta sha wuya. A bitar aka nuna mana mu fara daga inda rikici ya ɓarke. Ƙa'idar rubutu ma, musamman raba kalma da haɗe ta, ba a ɗaga wa kowa ƙafa, kuma gyaran da zafi, ki shirya masa.

Ki fara da reshen ANA na jiharku, ƙungiyar marubutan da Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, sannan ki sa kunne kan bukukuwan littattafai na Kaduna. Kafin ki biya ko sisi, ki tambaya su waye malaman, kuma za a karanta aikin mahalarta? In aka ce lacca ce kawai da takardar shaida, ki riƙe kuɗinki ki jira wata.