Kullum muna gayyar share unguwa, amma yaran bakin tafki ba su daina ciwo ba

Tambaya: Salamu alaikum likita. Mu matasan wata fada ne, wato majalisar hira ta samari, nan cikin Damagaram, duk damina muna fitowa gayya mu yashe kwata mu kwashe leda, amma har yanzu yaran can ƙasan unguwa wajen tafki kullum ana hanyar asibiti da su, na bakin titi kuwa lafiyarsu lau. Wai aikin nan yana da amfani ko wahala kawai muke sha?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi muku albarka. Yana da amfani mana, amma bari in tambaye ka, ina kuke fara sharar? Na san amsar, daga bakin titi ne da ƙofar masallaci da gidan mai unguwa inda ido ke gani, kafin a gangara ƙasan unguwa rana ta take kowa ya gaji an watse shan shayi. Ka ga kenan mai lafiyar aka ƙara wa lafiya.

Sannan akwai abin da mutane ba su sani ba game da sauro. Wanda ke fitowa daga ƙazamar kwata yawanci na hana barci ne, shi kuwa mai kawo palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ya fi son ruwan sama da ya kwanta, ramin da aka haƙa ƙasar gini, sawun tayar mota, bakin tafki. Da zafin nan namu kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi daga ƙwai ya zama mai cizo, to in ku wata-wata kuke fitowa ai ya yi jikoki kafin ku dawo. Ƙananan ramukan nan ku cike su da ƙasa duk sati, ya fi gayya guda mai kiɗa da ɗaukar hoto. Tafkin kansa ba aikin shebur ba ne, wannan sai da hukumar magajin gari, amma ku hana zuba shara da bahaya a bakinsa, yara kuma su rage wanka ciki, can suke kwaso tsargiya, fitsarin jinin nan da wasu ke ɗauka alamar balaga ce.

Ruwan sha kuma ba sai na faɗa wa ɗan Damagaram ba. Mai famfo a gida da mai sayen bido, wato jarkar ruwa, wurin ɗan garuwa ba ɗaya suke ba, talakan ne ma ke biya da tsada, kuma shi ne zai tsimi ruwan har wankin hannu ya zama almubazzaranci. Daga nan gudawa take shigowa, kun tuna kwalarar 2021 ai.

Abin da zan ba ku shawara, kafin gayya ta gaba ku zauna da matan ƙasan unguwar su faɗi abin da ya fi damunsu, ba ku ku yanke musu ba, kuma kar a kira taron lokacin girki don ba mai zuwa. Mai yiwuwa su ce masai ne matsalar, ba leda ba. 'Yan haya ma a sa su, su ne aka fi mantawa. Ku nemi kwamitin da ke kula da CSI ɗinku, wato ƙaramin asibitin yankinku, ku sa mutum ɗaya daga can ƙasan a ciki. Tun 2006 doka ta ce a duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta, ko da yake wani lokaci maganin ne babu, kuma duk damina ana bi gida-gida da rigakafin palu na yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata. Ku raka masu rabon har lungun ƙarshe, ku tuna wa iyaye sauran ƙwayoyin kwana na biyu da na uku, nan ake yawan sakaci.

Ku sayi ɗan littafi ku rubuta gida nawa ke da gidan sauro, yaro nawa ya kwanta a watan Agusta da Satumba. Shi za ku ɗauka zuwa wurin magajin gari, baɗi kuma ku sake ƙirgawa ku gani ko an samu sauƙi.