Kun Tambaya: Makullin Ƙofar Yana Hannun Wa?

Wasiƙun da suka zo mini a wannan karon, in ka cire biyu masu neman in faɗa musu wanda zai ɗauki kofi, duk a kan mutuwar 'yan kallo a filin wasa suke. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 16 ya matsa mini sai ya je kallon ƙwallo a fili. Ni kuwa duk sanda na ji an ce an yi turmutsutsu mutane sun mutu, sai cikina ya ɗuri ruwa. Ta yaya mutum da hankalinsa zai tattake ɗan'uwansa har lahira saboda ƙwallo? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, Allah Ya raya mana shi. Akasarin masu mutuwa a irin wannan cunkoso ba tattake su ake yi ba. A tsaye suke cikawa.

Na ɗanɗana kaɗan daga ciki, shekarun baya, a bakin ƙofar wani fili da ba zan ambaci sunansa ba. Ƙofar mai ƙyaure biyu ce, an buɗe ɗaya, ɗayan an ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo. Da farko matsi ne irin wanda aka saba, har ana raha. Can sai na ji ƙafafuna sun bar ƙasa. Hannuna na dama, da na ɗaga don kada littafin rubutuna ya yage, ya maƙale a sama, na kasa sauke shi. Fuskata tana manne da ƙeyar wani bawan Allah, ina danna shi ga ƙarfe ba da son raina ba, yana cewa "a yi baya, a yi baya", muryarsa tana ƙara siririncewa. Abin da ba na mantawa shi ne numfashin. Duk sanda na fitar da iska, ɗan wurin da ƙirjina ya bari sai jikin wani ya cike shi, in na zo ja sai in tarar babu wuri. A lokacin nan kuwa ina jiyo na can baya suna waƙa da tafi. Ba mugaye ba ne. Ba su san me ake ciki a gaba ba, ba su kuma da hanyar sani. Da aka kwance sarƙar muka zube ciki kamar an ɓalle bakin buhu. Na rasa takalmi ƙafa ɗaya, biron aljihuna ya karye tawada ta ɓata rigar, haƙarƙarina ya yi mako yana ciwo.

Masana cunkoso da murabba'in mita suke aunawa, wato kamar faɗin ƙaramin tebur. Mutum huɗu a tsaye a wannan wuri, kowa yana iya motsi. In suka kai shida zuwa bakwai, jikin mutum ya fita daga ikonsa, taron yana kaɗawa kamar ruwa a kwano. Shi ya sa littafin ƙa'idar tsaron filaye na Birtaniya ya iyakance 'yan tsaye ga mutum 47 a murabba'in mita 10. Wanda yake tsakiyar taro ba zai iya wannan ƙidaya ba. Aikin wanda ya sayar da tikiti ne, da wanda yake sama yana hangen kowa.

Ki bar shi ya je, amma tare da babba. Su isa da wuri, su ga ƙofar fita da idonsu kafin su zauna, in an tashi su ɗan dakata jama'a ta rage. In matsi ya rutsa da shi, ya naɗe hannuwansa a gaban ƙirji kamar ɗan dambe, kada ya yi kokawa da taron, kada kuma ya sunkuya ɗaukar komai, ko da wayarsa ce.

Tambaya: Ku 'yan jarida komai sai ku ce hukuma. 'Yan kallon nan ba su da tarbiyya, su zo a makare, wasu ba tikiti, su yi ta ture-ture. Kuma in ajali ya yi kira, wa zai hana? Daga wani dattijo mai bin ƙwallo tun ana sauraronta a rediyo.

Amsa: Baba, ranka ya daɗe. Wannan magana taka ita ce aka yi shekara 27 ana jifan wasu iyalai da ita a Ingila, kafin kotu ta ce ƙarya ce.

Ranar 15 ga Afrilun 1989 Liverpool ta je karawa da Nottingham Forest a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA, a filin Hillsborough da ke Sheffield. Magoya bayan Liverpool masu tikitin tsayuwa su 10,100 ne, aka ware musu ƙofofi bakwai kacal, irin masu juyawa da ke shigar da mutum ɗaya-ɗaya. A ƙa'idar da ake bi a can yau, irin wannan ƙofa mutum 660 ake lissafa mata a awa. Yi lissafin da kanka, Baba: bakwai ɗin ba su kai dubu biyar a awa ba. Ke nan tun a kan takarda, kafin ko mutum ɗaya ya baro gidansa, cunkoson ya riga ya tabbata.

Da jama'a ta cushe a waje, kwamandan 'yan sandan wasan, David Duckenfield, ya ba da umarni a buɗe wata babbar ƙofar fita da ƙarfe 2:52. Kimanin mutum 2,000 suka kwararo. Abin da ke gabansu kai tsaye wani dogon lungu ne da ya gangara zuwa sassa biyu na bayan raga, waɗanda tuni sun cika maƙil, kuma shingen ƙarfe ya kewaye su. Da an sa 'yan sanda kaɗan sun tare bakin lungun sun karkatar da mutane gefe, inda akwai fili, da shi ke nan. Ba wanda ya ba da wannan umarnin. Minti shida da take wasa aka tsayar da shi. 'Yan kallo ne suka riƙa ɓalle allunan talla suna ɗaukar 'yan'uwansu a kai. Mutum 96 suka rasu, mafi ƙanƙantarsu ɗan shekara 10, sai wani da ya yi shekara 32 yana jinya ya cika a 2021, suka zama 97.

Tun gawarwaki suna kwance Duckenfield ya shaida wa shugabannin hukumar ƙwallo cewa 'yan kallo ne suka ɓalle ƙofar. Aka auna jinin mamatan ana neman giya, har na yara. Bayan kwana huɗu jaridar The Sun ta buga a shafin farko cewa magoya bayan sun yi wa gawarwaki sane, abin da ya sa har gobe mutanen Liverpool da yawa ba sa taɓa ta. Alƙali Taylor, wanda ya yi binciken farko, tun a shekarar ya ce babban dalili shi ne gazawar 'yan sanda, amma zaman binciken musabbabin mutuwa na 1991 ya ce tsautsayi ne. Sai a 2012 wani kwamiti mai zaman kansa ya tono cewa an yi wa bayanan 'yan sanda 164 kwaskwarima, an goge kalaman da ke sukar rundunar daga 116 a ciki, kuma mutum har 41 da wataƙila sun rayu in da agaji ya zo yadda ya kamata. Firaminista David Cameron ya nemi gafara a majalisa. A 2015 Duckenfield ya amsa da bakinsa cewa ƙarya ya yi. Ranar 26 ga Afrilun 2016 aka yanke cewa kashe mutanen aka yi ba bisa ƙa'ida ba, kuma halin 'yan kallo bai taka wata rawa ba. Anne Williams, uwar wani yaro ɗan shekara 15 da ya mutu a filin, wadda ta yi ta faɗi-tashi a kan maganar fiye da shekara ashirin, ta rasu a 2013 ba ta ji wannan hukunci ba.

Ban ce 'yan kallo waliyyai ba ne. Na ga masu jifa, na ga masu haura katanga. Amma duk wanda ya karɓi kuɗin mutum dubu arba'in ya san a ciki akwai makararre, akwai mai zafin kai, akwai wanda zai zo ba tikiti. Saboda su ake biyansa ya yi tsari.

Batun ajali kuwa, Baba, ba mai ja. Sai dai addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ɗora diyya a kan kisan kuskure. Malaman fiƙihu ma sun tattauna mas'alar wanda ya mutu a cunkoso ba a san wanda ya jawo ba, wasunsu suka ce baitulmali ne zai biya, don kada jinin ya tafi a banza. To ina ga inda aka san wanda ya ba da umarnin?

Tambaya: Na yi aikin ɗamara kafin in yi ritaya. In taro ya harzuƙa ana jifa, in ba barkonon tsohuwa ba me za a yi? Daga wani tsohon jami'i.

Amsa: Yallaɓai, ka fi ni sanin cewa amfanin hayaƙin shi ne ya sa mutane gudu. A kan titi akwai wurin gudun. A filin wasa kuwa gudun yana ƙarewa ne a matattakala mai gangara da ƙofar da wataƙila a kulle take.

A Lima ta ƙasar Peru, a 1964, haka aka yi asarar mutum fiye da 300. A Akra, ranar 9 ga Mayun 2001, Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko biyu da ɗaya, magoya bayan Kotoko suka fara wurgo kujeru da kwalabe, 'yan sanda suka harba hayaƙi cikin 'yan kallo, mutum 126 suka mutu, akasari a matattakalar fita. Kujerun roba aka je karewa. A filin Kanjuruhan da ke Malang a Indonesiya, ranar 1 ga Oktoban 2022, bayan Persebaya ta ci Arema uku da biyu, aka maimaita, mutum 135 suka tafi. A ranar ko magoya bayan baƙi babu a filin, an hana su zuwa, balle a ce faɗan ɓangare biyu ne. An kuma buga tikiti 42,000 a filin da ke ɗaukar 38,000.

Sashe na 19 na dokar tsaron filaye ta FIFA ya hana jami'an da ke bakin fili riƙe bindiga ko hayaƙin tarwatsa taro, balle amfani da su. Abin yi shi ne a shigar da 'yan wasa da alƙalai ɗaki, a buɗe kowace ƙofa, a yi wa mutane magana ta lasifika, a ɗauki hoton masu jifa a bi su gida washegari.

Tambaya: Ni mai tsaron ƙofa ne a ranakun wasa. Ana ce mana mu kulle bayan an fara, don hana 'yan kutse. In wani abu ya faru, wa za a kama? An ma taɓa ɗaure wani kuwa? Daga wani matashi.

Amsa: Ƙanena, an taɓa, amma ba yadda za ka yi zato ba. A Akra an gurfanar da manyan 'yan sanda shida, kotu ta sallame su duka. A Hillsborough an wanke Duckenfield a 2019, kuma mutum ɗaya tak aka samu da laifi, sakataren kulob ɗin da ke da filin, Graham Mackrell, a kan batun ƙofofi bakwai ɗin nan. Tarar fam 6,500 aka ci shi. A Malang, a hukuncin farko, an yanke wa shugaban kwamitin shirya wasan ɗaurin shekara ɗaya da rabi, jami'in tsaron filin shekara ɗaya. Kotun farko ta saki 'yan sanda biyu, a hukuncin ɗayansu har da cewa iska ce ta kwashe hayaƙin, sai da kotun ƙoli ta soke sakin a Agustan 2023 ta ɗaure su shekara biyu da shekara biyu da rabi. A Yawunde, inda mutum 8 suka mutu a filin Olembe ranar 24 ga Janairun 2022 kafin wasan Kamaru da Komoros, shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka (CAF) Patrice Motsepe ya ce ƙofar da ya kamata ta kasance a buɗe ce aka rufe, aka ɗauke wasa na gaba daga filin.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne, in an kafa kwamitin bincike, umarnin baki ba ya barin sawu, amma kowa ya ga wanda yake tsaye a bakin ƙofar. Saboda haka kafin wasa ka tambayi shugabanka, a gaban abokan aikinka, wa yake da ikon cewa a buɗe, kuma ta yaya zai same ka in waya ta ƙi shiga. Ƙofar fita ba a sa mata kwaɗo muddin akwai mutane a ciki. Ana iya tura ta a sa sakatar da ke buɗewa daga ciki, mutum ya tsaya a wurin daga farko har fili ya watse. In sun dage sai kwaɗon, ka ce a rubuta maka a takarda da sa hannu, makullin kuma ya kasance a aljihunka, ba a aljihun wanda zai tafi kallon bugun fanareti ba.