Amsa ga mai cikin wata 6 da bayan gida ya ƙi fita

Sannu 'yar uwa, Allah ya raba lafiya. Na ga tambayarki cewa kina kwana 4 ba ki zaga ba, in kin je ma sai yunƙuri da hawaye, har kina tunanin daina shan jan maganin awo. Dan Allah kar ki daina. Ni a cikina na biyu haka na yi, na ɓoye shi ƙarƙashin katifa kusan wata guda, da na koma awo aka gwada jinina ya yi ƙasa sosai, nas ta yi min faɗa kuma gaskiyarta ne. Eh maganin ƙarin jinin yana ɗaure ciki har ya sa bahaya ya yi baƙi, ga shi dama ciki kansa yana sa hanji yin kasala sannan yaro na danne shi, amma ki faɗa musu a asibiti, suna iya canza miki wani ko su rage yadda kike sha.

Abin da ya taimake ni ruwa ne wallahi, fiya wata leda 5 kullum, na farko da ɗumi tun kafin na karya. Sai na rage burodi da shayi da farar shinkafa na koma tuwon dawa miyar kuka ko kuɓewa, kwaɗon zogale da rana, wake, lemu kuma da ɓargonsa nake cinyewa ba wai in tsotse in yar ba. Gwanda nunanniya kawai, ɗanya a bar ta. Bayan la'asar in ɗan zaga unguwa kamar minti 20. In masai na zama ne sa 'yar kujera ƙarƙashin ƙafa, kuma da kin ji shi ki tashi, kar ki matse wai sai kin gama aiki. Yawan yunƙurin nan shi ya jawo min basir, har bayan haihuwa ina fama.

Za a kawo miki filasko da jiƙon kanwa, ni ma an kawo min, kar ki sha, ba su da ma'auni kuma suna murɗa ciki. Likita ya rubuta min lactulose, wani maganin ruwa mai sa bahaya ya yi laushi, sai da ya kwana 2 kafin ya fara aiki, kar ki ce bai yi ba. Amma in kin ga jini ko amai ko ciwon mara mai tsanani, kar ki jira ranar awo, ki tafi asibiti a ranar.